Mai Katifa da Tattabarun Ƙarfe Biyar

A ƙarshen layin, inda kwalta ta ƙare tsakuwa ta soma, akwai wani shago mai ƙyaure biyu na katako. Kullum za ka ga ɓarɓashin auduga na fitowa daga cikinsa, yana yawo a iska a hankali kamar bai yanke shawarar inda za shi ba. Mai shagon katifa yake ɗinkawa, irin ta auduga wadda ake cusawa da hannu a bi ta da basilla. Kowa Mai Katifa yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Dogo ne siriri mai sanyin murya, kuma tun yana saurayi ba wanda ya san ainihin launin gashin kansa, don auduga ta riga furfura isa wurin. In yana tafiya a titi sama yake kallo. Sau biyu yana faɗawa kwata, sau ɗaya kuma ya yi karo da turken lantarki har ya tsaya ya ba shi haƙuri.

Sana'ar a hannun mahaifinsa ya koya. Tattabaru kuwa su suka kawo kansu. Yana ɗan shekara goma sha bakwai, wata rana yana bugun auduga da sanda a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo daga sama ya nutse cikin tulin. Da ya tona sai ga tattabara ruwan toka, fiffike ɗaya a karye, tana kallonsa da jan ido. Ya ɗaure fiffiken da tsinken tsintsiya da zaren katifa. Ta warke, ta tashi ta tafi, bayan kwana tara ta dawo da miji. Ranar da aka kawo masa amarya akwai tattabaru arba'in a saman gidan, shi ya sa har ta tsufa takan ce ita ce ta arba'in da ɗaya a layin samun tsaba.

Gidan ƙarami ne: shago a gaba, ɗakuna biyu a baya, sai matakala goma sha huɗu da ke kaiwa ga rufin siminti. A can ya yi wa tsuntsayen ɗaki da katako da ragar waya. Abin da ya fi so a duniya bai wuce minti ashirin ba. Gari na soma wayewa, kafin masu shaguna su buɗe, sai ya hau ya zare sakata. Su fito gaba ɗaya, fukafukai na bugun juna kamar tafi, su zagaya tankin ruwan unguwa sau biyu, sannan su yi ta hawa har su zama 'yan ɗige-ɗige. A ƙasa rana ba ta fito ba tukuna, amma can sama ta riga ta same su, sai ka ga cikinsu ya koma ruwan zinariya. Shi kuma yana tsaye da gwangwanin tsaba a hannu, baki a ɗan buɗe. Ya taɓa gaya wa matarsa cewa a wannan lokacin yakan ji kamar shi ne a sama, yana hango rufin gidaje, yana hango kansa a ƙasa, fari ƙarami kamar maɓallin riga.

"To in ka sauko daga can," in ji ta, "famfon banɗaki na zuba."

Bayan sun sauko sukan wuni suna shige da fice, su sauka inda suka ga dama. Nan ne matsalar ta tsiro.

Gidan da ke jikin nasa na wata bazawara ce wadda ta ɗan girme shi, sana'arta wanki da guga. Katangar da ke tsakanin rufinsu iyakarta ƙugu. Shekaru da yawa lafiya lau suke, don kayan mutane takan wanke kaɗan-kaɗan, ta shanya a tsakar gida. Sai Allah ya buɗa mata, wani ƙaramin asibiti ya ba ta wankin zannuwan gado. Ta ɗaura igiyoyi goma sha biyu a saman rufi. Tun da sassafe za ka ga fararen zannuwa tas suna kaɗawa, iska na cika su tana sakewa. Mai Katifa ya ga abin ya yi kyau ƙwarai. Tattabaru ma haka suka gani.

"Maƙwabci," ta kira shi wata safiya daga bayan katanga, tana riƙe da zane a buɗe, "zo ka ga aikin 'ya'yanka."

"Subhanallahi. Yaya, ki yi haƙuri. Ba su da hankali ne."

"Su na san ba su da shi. Kai nake wa magana."

Ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya rataya ledoji a kan katanga, ya kafa sanda ya sa mata tsohuwar rigarsa da hula. Kwana biyu tattabaru suka yi suna tsoron mutumin, a na uku suka hau kafaɗarsa suna gyaran gashi. Mai Wanki ta yi ta sake wanki har fatar hannunta ta tsattsage da sabulu. Ba muguwar mace ba ce, kuma ba ta taɓa jifan tsuntsu ba. Amma da asibiti ya aiko cewa in aka sake kawo zane da tabo za a ba wani aikin, ɗanta, direban bas ne mai saurin fushi, ya ɗauke ta sai kotu. Sammaci ya iske Mai Katifa yana tsakiyar ɗinki, ya karɓa da basilla a baki.

Alƙaliyar mace ce mai tabarau a kan karan hanci. Ta saurari kowa, ta duba zanen da aka kawo shaida daga nesa, sannan ta ce, "Katangarku ɗaya?"

"Ɗaya ce, ranki ya daɗe."

"In na yanke hukunci, ɗayanku zai fita yana murna, ɗaya yana cizon yatsa, gobe kuma ku haɗu a ƙofar gida. Ku shiga ɗakin sulhu ku gwada sasantawa. In ta gagara ku dawo mini."

Ɗakin sulhu ɗan ƙarami ne, da tebur ɗaya da fanka mai ƙara da taga wadda gilashinta ɗaya ya fashe. Jami'in sulhun mutum ne mai sanƙo da haƙuri. Kwana da kwanaki Mai Katifa bai yi barcin kirki ba, don a ransa ya gama yarda cewa raba shi za a yi da tsuntsayen baki ɗaya. Direba ma abin da ya nema ke nan. Aka yi ta ja, Mai Wanki ta ce ita ba ta son a kwashe wa bawan Allah abin da yake so, zannuwanta kawai take son su bushe da tsabta. Can sai jami'in ya ɗaga takarda ya ce, "Na farko, tattabaru za su ci gaba da zama a inda suke."

Daga nan Mai Katifa bai ƙara jin komai sosai ba. Wani sanyi ya sauko masa tun daga ka har tafin ƙafa. Ta tagar nan ya hango wani farin gajimare, shimfiɗaɗɗe mai kauri, kamar audugar da aka baje ba a sa mata yadi ba, ya shiga tunanin ta wane gefe zai soma ɗinkinsa. Muryar jami'in na zuwa masa kamar daga ƙarƙashin ruwa: na biyu, na uku. Duk inda aka tsaya sai ya gyaɗa kai.

Suka koma gaban alƙaliya. Magatakarda ya sake karanta takardar da ƙarfi. Ta dubi Mai Katifa ta saman tabarau.

"Wani ya tilasta maka?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Ka fahimci abin da ke ciki?"

"Na fahimta."

"Ka san cewa da zarar na sa hannu na buga hatimi, wannan ya tashi daga maganar maƙwabta ya zama hukuncin kotu?"

"Na sani, ranki ya daɗe. Na gode."

Ya sa hannu, Mai Wanki ta dangwala yatsa. Ya dawo gida da ledar lemo, yana murmushi shi kaɗai a hanya.

Washegari da sassafe ya hau sama, ya kai hannu kan sakata, sai ya ji numfashi a bayansa. Matarsa ce ta biyo shi da takardar.

"Malam, ina za ka kai hannu?"

"Zan buɗe musu mana."

"Ka karanta abin da ka sa wa hannu kuwa?"

Ta karanta masa a tsaye, cikin sanyin safiya. Na biyu, adadinsu ba zai wuce talatin ba. Na uku, ba za a buɗe musu ba sai ƙarfe biyar na yamma, bayan an kwashe shanya, kuma a mayar da su kafin duhu. Ya karɓi takardar ya duba da kansa. Ga sa hannunsa nan a ƙasa, dogo mai lanƙwasa, ya ma yi masa ado. A cikin ɗakin tsuntsayen sun taru a bakin ƙofa suna tattaka juna, suna kallonsa ta ragar waya. Rana ta fito ta same su duka a tsaye.

Sittin da biyu ne a lokacin. Ya raba talatin da biyu ga abokai da masu sha'awa, wasu har unguwanni masu nisa. Wata guda ana abu ɗaya: ya kai su a kwando, bayan kwana biyu ya hau sama ya tarar da su a jere kan katanga suna jiran a buɗe musu ƙofar gida. Ya sake sa su a kwando yana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ya sake mayarwa. A ƙarshe suka daina dawowa, wannan kuma ya fi masa ciwo.

Tashin yamma ba irin na safe ba ne. Iska ta yi nauyi da hayaƙin motoci, ga shaho na shawagi a lokacin. Tsuntsayen sukan yi ƙasa-ƙasa, su zagaya sau uku ko huɗu su dawo da kansu tun bai kaɗa gwangwani ba. Ya yi wata biyu yana haɗiye abin, sannan ya sa rigarsa mai kyau ya tafi wurin ɗan ƙanwarsa, wanda lauya ne, ofishinsa na saman wani kantin magani.

"Kawu, lafiya? Da ka aiko ai da na zo."

"Ƙara nake so ka ɗaukaka mini. An ce akwai kotun da ke sama da wannan."

Lauya ya karanta takardar sau biyu, ya ajiye, ya shafa fuska. "Kawu, me ya sa ba ka kira ni ba tun kafin ka sa hannu?"

"Na ga kana da aiki."

"To bari in gaya maka yadda abin yake. In alƙali ya saurari shari'a ya yanke hukunci da kansa, kana iya zuwa sama ka ce ya yi kuskure. Amma wannan ba ita ta yanke ba. Ku kuka yanke, ita hatimi ta buga. In mun je sama me za mu ce? Mu kai ƙarar bakinka?"

"To shi ke nan babu ƙofa?"

"Akwai, amma ƙarama ce, kuma sai an nemi izini kafin a taɓa ta. Sai in an yaudare ka, ko an tursasa maka, ko an yi wani babban kuskure a kan ainihin abin da ake magana. Matar nan ta yaudare ka?"

"Haba. Yaya ba ta yaudara."

"Ɗanta ya yi maka barazana?"

"Ya dai harare ni."

"Harara ba ta cikin doka. An karanta maka?"

"Sau biyu."

"To ina hankalinka yake?"

Mai Katifa ya ce, "Akwai wani gajimare."

Lauya ya dube shi. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya rage murya. "Kawu, shekarunka sun ja. In da a ce kunnenka ba ya ji sosai, kuma ba wanda ya lura a ranar..."

"Kunnena? Ina cikin shago nake jin wadda ta yi ƙwai a sama. Kar ka sa ni in yi wa Allah ƙarya a kan kunnen da ya ba ni."

Duk da haka ya nace a gwada da gaskiyar yadda take. Don kunyar kawu, Lauya ya rubuta takardar neman izini. Ranar da aka saurare su a babbar kotu, abin bai kai minti goma ba. Alƙalin ya ce mai nema baligi ne mai hankali, an karanta masa, an tambaye shi ya amsa da bakinsa, kuma nadama ba ta cikin dalilan da ke warware sulhu. In kowa zai sasanta yau ya dawo gobe ya ce ya sake tunani, in ji shi, ba wanda zai ƙara yarda ya zauna teburin sulhu. Aka ƙi ba da izini. A kan matakalar kotu Lauya ya ce, "Saura hanya ɗaya, Kawu. Bakin da ya ƙulla shi ne zai kwance, amma sai bakunan biyu tare." Mai Katifa ya girgiza kai. Da wane ido zai dubi matar da ya ja zuwa kotu ta biyu ya roƙe ta?

Sau ɗaya tak ya saɓa. A shekara ta biyu ne, wata safiya aka tashi da yayyafi, igiyoyin Mai Wanki babu ko ƙyalle. Ya tsaya a saman rufi ruwa na sauka a kansa, ya ce a ransa, ai don shanya aka yi dokar, yau kuwa babu shanya. Ya zare sakata. Suka tashi cikin yayyafin, suka shige hazo suka ɓace, sai ƙarar fukafukansu yake ji daga wani wuri da ba ya gani. Ya daɗe bai ji daɗi irin na ranar ba. Direba kuwa yana ƙofar gida yana goge gilashin bas. Kafin mako ya zagayo sammaci ya sake iske Mai Katifa.

Alƙaliya mai tabarau ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa wa magatakarda takardar ta ce ya nemo mata inda aka rubuta ruwan sama. Ya duba ya ce babu.

"Ƙarfe biyar aka rubuta, Malam. Ba ni na rubuta ba, amma yanzu ni ke tsaronsa. Saɓa shi raina kotu ne. Yau gargaɗi zan yi maka. In ka sake, ɗakin tsuntsayen za a kwance gaba ɗaya."

Bai sake ba. Shekaru suka yi ta wucewa ta ƙofar shagon. Katifar soso ta cika kasuwa, masu zuwa wurinsa suka ragu, sai tsofaffi da masu ciwon baya da waɗanda ke kawo tsohuwar katifa a farke ta a sake buga audugar. Bai damu ba. Da safe yakan hau sama duk da haka, ya zuba tsaba da ruwa, ya zauna kan bulo ya jingina da ragar waya. Wani lokaci ya rufe ido ya sake su a cikin kansa, ya bi su har tankin ruwa, har sama, ya dawo da su lafiya, sannan ya sauko ya buɗe shago. Biyar saura kwata kuma ko wa ke gabansa zai soke basilla a katifa ya ce yana zuwa. 'Yan layin har saita agogo suke da shi. Tsofaffin tsuntsayen suka mutu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu da jikokinsu suka maye gurbi.

A shekara ta takwas asibiti ya sayi injin wanki. Gwiwoyin Mai Wanki ma sun riga sun gaji da matakala. Igiyoyin suka yi ta tsinkewa ba a ɗaura wasu ba, har saura guda ɗaya.

"Ka je ka yi mata magana mana," in ji matarsa. "Rufin nan fa ko hankici babu."

"Takarda ba ta ce hankici ba."

"Ai ba takarda na ce ka je wurinta ba. Mutum na ce."

Ya ce to, bai je ba. Suna gaisawa in sun haɗu, ya tambayi gwiwa, ta tambayi aiki, ba wanda ya taɓa ambaton tsuntsu. Haka aka ƙara shekara uku.

Wata rana da hantsi Direba ya tsaya a ƙofar shago. Shi ma furfura ta soma masa, fushin ya kwanta. Ya gaisa har da rusunawa.

"Baba, Inna ce ba ta da lafiya, kwanciya ta yi yawa. Katifar soson nan zafi take mata, bayanta har ya soma salewa. Likita ya ce a nemi ta auduga."

Kwana huɗu ya yi a kanta. Ya zaɓi audugar da ya ɓoye ta fi kowace laushi, ya buga ta sau uku, ya yi ɗinkin kusa-kusa don kada ta dunƙule. Shi da Direba suka ɗauke ta suka shiga da ita. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da cikin gidan. Ɗakin na warin man zafi da sabulu, gadonta na jikin taga. Da aka kwantar da ita a kan sabuwar katifar ta yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Maƙwabci, hannunka na nan yadda yake."

"Allah ya ƙara sauƙi, Yaya."

Ya juya zai fita ta ce, "Tsaya. Wai ni kam, me ya sa ba ka sakin tsuntsayen nan da safe? Tun asuba idona biyu, ba abin da nake gani ta tagar nan sai wayar lantarki. Da yamma kuma rana ke dukan tagar, sai an sauke labule."

Ya tsaya yana kallonta. "Yaya, takardar fa?"

"Wace takarda?" Sai ta kama baki. "Kai! Wai har yanzu? Ni da na daina shanya tun yaushe? Ai na ɗauka abin ya mutu da kansa."

"Ba ya mutuwa da kansa. Na tambaya."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Direba ya ba ta ruwa. Da ta lafa ta ce, "Kafin zannuwan nan su zo, kullum ina wanke-wanke ina kallonsu. Ban taɓa gaya maka ba ne don kada kanka ya kumbura. Je ka buɗe gobe, ni na ce."

"Bakinki kaɗai bai isa ba, Yaya, nawa ma bai isa ba. Sai mun koma inda muka ƙulla."

Lauya, wanda yanzu ya yi tumbi da ofis mai ɗaki uku, ya rubuta sabuwar yarjejeniya mai layi huɗu. Aka sa rana. Direba ya kwantar da kujerar gaba ta bas ya ɗauki mahaifiyarsa, Mai Katifa da matarsa suna baya, su kaɗai a motar mutum goma sha takwas. Alƙaliya mai tabarau ta daɗe da yin ritaya. Wani matashin alƙali ne a kujerar, sai da aka yi awa guda ana neman fayil ɗin a ɗakin ajiya. Ya karanta, ya dubi tsofaffin biyu, ya yi musu tambayoyin nan dai: an tilasta muku, kun fahimta? Wannan karon Mai Katifa ya ce a sake karanta masa, a hankali, kuma ya juya wa taga baya.

Washegari gari na wayewa ya hau matakala, yana hutawa a ta bakwai. Matarsa ta biyo shi da mayafi a kafaɗa. A ƙasa an ɗage labulen tagar Mai Wanki. Ya zare sakata, ya buɗe ƙofar har ƙarshe, ya matsa gefe.

Ba wadda ta fito.

Suna zaune a kan sandunansu, sun kumbura gashi, suna kallonsa da ido ɗaya. Wata ta tako har bakin ƙofa, ta leƙa, ta ga hasken ba irin wanda ta sani ba ne, ta koma. Ya kaɗa gwangwani, ya yi fito, ya tafa hannu. Sai a lokacin ya tuna cewa duk cikinsu babu wadda aka ƙyanƙyashe kafin takardar.

"To," in ji matarsa, "su ma sai ka kai su kotu."

Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Bai kore su da sanda ba, ko da yake ya san da ya yi haka za su tashi. Ya sa bulo ya tokare ƙofar, ya sauko ya buɗe shago. Haka ya yi washegari, da wanshekaren ta. A rana ta shida, wajen ƙarfe goma, yana farke wata tsohuwar katifa, sai ya ji ana buga bango daga gidan maƙwabta da sandar tafiya, da wata siririyar murya tana kira, "Maƙwabci! Uku sun fita! Ga su can!" Kafin ya kai saman matakala sun dawo.

A hankali sauran suka bi. Amma ba su taɓa karɓar sassafe ba. Ƙarfe goma suka zaɓa, lokacin da rufi ya ɗumama, suka riƙe shi, kuma ba su bar na biyar ɗinsu ba. Mai Wanki ta yi wata bakwai tana kallonsu daga kan katifarta, tana ba shi rahoto ta bakin ɗanta: farar nan malalaciya ce, mai wuyan kore ita ke jan gaba. Bayan rasuwarta Direba ya hau sama ya kwance igiyar da ta rage, ya miƙo wa Mai Katifa ta kan katanga ya ce ko za ta yi amfani wajen ɗaure kaya.

Yanzu Mai Katifa ya haura saba'in. Idonsa ba ya ganin kafar basilla, matarsa ke zura masa zare, tana mita tana zurawa. Matakala sau ɗaya yake iya hawanta a rana, don haka da safe Direba ne ke tsallaka katanga ya buɗe ƙofar kafin ya fita da bas. Ƙarfe goma in ta yi, tsohon yakan jawo kujera zuwa ƙofar shago ya zauna a bakin titi, ya ɗaga kai. In mai saye ya zo a lokacin, matar takan leƙo ta ce masa ya samu wuri ya zauna, mai shagon ya ɗan fita, yanzu zai dawo.